Shekarar da Na Sauke Idon Safiya

Ku 'ya'yana, Usman da Bilkisu da ke auta Zainab, kun san allon katakon nan da ke rataye a falo sama da talabijin, wanda duk baƙon da ya shigo sai ɗayanku ya nuna masa, ya ce ai Mama aka ba, gwarzuwar malamar yara masu lalura. Na sha jin Bilkisu tana ba jikokina labarinsa har da ƙarin gishiri, wai minista ne ya miƙa mini da hannunsa. Ba minista ba ne, wani ƙaramin jami'i ne da ya zo a makare, sunana ma bai iya faɗa daidai ba. Amma ba wannan ce ƙaryar da ta dame ni ba. Shekara da shekaru na bar ku kuna alfahari da abin da ni ko kallonsa na yi sai bakina ya yi ɗaci. Yanzu da gwiwa ta fara ƙi, ido ya fara gajiya, na ga gara ku ji yadda aka yi daga wurina.

Sai na fara da gidanmu na Zariya, don can abin ya samo asali. A gidan Baba, kakanku, yaro ba ya ɗaga ido ya kalli babba idan ana yi masa magana. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, a haka muka tashi muka ga ana yi. Wallahi har Baba ya koma ga Allah na fi sanin ƙafafunsa a kan fuskarsa. In kuka tambaye ni yanzu zan gaya muku wane yatsa ne farcensa ya tsage, amma sai a hoto na gano yana da tabo a gefen gira. Inna kuwa, in ka kuskura idonka ya haɗu da nata tana faɗa, to faɗan farko ya ƙare ke nan, an buɗe na biyu. Da wannan na tashi, da shi na rene ku, na san Usman bai manta ba, kuma da shi na shiga aji. A wurina duk yaron da ya tsura wa babba ido fitsararre ne, ban taɓa tunanin abin yana da wata fassara ba.

Da aka dawo da Babanku aiki Abuja muka zauna a Kubwa. Shi yana fita da sassafe ya bi layin bas zuwa cikin gari, ni kuma ina koyarwa a wata firamaren gwamnati kusa da gida, ba sai na faɗi sunanta ba. A shekarar da nake ba ku labari aka ce an mayar da mu makarantar haɗaka, wato a haɗa yara masu lalura da sauran yara a aji ɗaya. Wata ƙungiya ta kawo taimako, aka kafa babban allo a bakin titi, aka zuba siminti aka yi gangara don masu keken guragu. Gangarar a bakin ofishin hedimasta aka yi ta, ajujuwa kuwa aka bar su da matattakalarsu. Mu malamai aka kai mu wani otal a cikin gari kwana biyu, muka ci shinkafa da kaza, aka raba mana jakunkuna masu tambari. Abin da na fito da shi game da yaro mai matsalar ji bai wuce abu uku ba: ki sa shi a gaba, ki ɗaga murya, ki yi haƙuri. Da wannan ilimin aka ce mun zama ƙwararru.

Yara uku masu lalura aka kawo mini aji huɗu, a kan saba'in da wani abu da nake fama da su. Akwai yaro mai tafiya da sanduna, akwai wata zabiya da ba ta ganin allo daga nesa, sai Safiya. Shekararta goma sha ɗaya, siririya, hijabinta kullum a goge. Abin da aka gaya mini kawai shi ne sanƙarau ya kama ta tana da shekara shida ya taɓa mata kunne. Tana magana, sai dai muryarta a miƙe take, ba hawa ba sauka, kuma da ƙarfi, don ba ta san iyakarta ba. Na sa ta a bencin gaba, na ɗaga murya kamar yadda aka ce.

Abin da ya fara ba ni mamaki, yarinyar tana ganewa. In na yi tambaya hannunta na cikin na farko. A jarrabawar zangon farko ta bakwai ta zo, ta wuce masu kunne biyu lafiyayyu fiye da sittin. Har na fara cewa a ɗakin malamai anya wannan kurumtar ba ta ganin dama ba ce? Abin da ya tsaya mini a rai kuwa shi ne kallonta. Daga na shigo har na fita idonta yana kan fuskata, ko ƙiftawa ba ta cika yi ba. In na matsa hagu ta juyo, in na koma dama ta biyo ni. In na juya allo ina bayani sai in ji ta ce da wannan muryar tata, “Malama, juyo.” Ni ce yau 'yar cikina take ba umarni. Na yi ta haɗiyewa saboda an ce a yi haƙuri, amma haƙurin da nake yi irin wanda ake tarawa ne.

A farkon zango na biyu, wata Litinin, hedimasta ya shigo ajina da wata mata daga ofishin ilimi. Suna tsaye sai ga Safiya ta shigo a makare. Na fara yi mata faɗa, kuma don baƙuwa ta ga ina riƙe da ajina sai na ƙara zafi. Yarinya ta tsaya ƙyam tana kallona. Da na yi sauri a magana sai ta ƙara matsowa, ta karkata kai, ta kafe bakina da ido. Baƙuwar ta yi dariya.

“Malama, wannan ɗalibar taki ba ta tsoronki ko kaɗan.”

Yara suka kwashe da dariya su ma. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Suna fita na kama Safiya na tsayar da ita a gaban aji, na faɗa mata dalla-dalla, tana kallon bakina:

“Wannan kallon rashin kunya ne. 'Yar mutunci ba ta kallon babba a fuska. Daga yau in ina magana, idonki a ƙasa. Kin ji ni?”

“Na ji, Malama.”

Na sa tafin hannuna a tsakiyar kanta na danna shi ƙasa. Ban mare ta ba, ban ɗauki bulala ba, shi ya sa na daɗe ina gaya wa kaina ban yi mata komai ba.

Da fitsararriya ce da ta kwana biyu ta koma halinta, da an huta. Sai ya zamana yarinyar mai biyayya ce. Daga ranar ba ta sake ɗaga kai ba. Hannunta ya daina tashi. In na kira sunanta sai ta kusa da ita ta zungure ta, ta miƙe, idonta a kan takalmina, in yi tambaya, shiru. In ƙara murya har jijiyar wuyana ta tashi, malamar aji na kusa ta leƙo, shiru. Yara suka laƙa mata Bebiya, ina ji ban hana ba. Littafinta ya koma abin da ta kwafa daga allo kawai, duk abin da na faɗa da baki babu shi. Ni kuwa har ina jin daɗi a raina wai na gyara mata tarbiyya, karatun ne dai Allah bai nufa ba. Jarrabawar zango na biyu ta faɗi warwas.

Da muka dawo hutu hedimasta ya kira ni. Ba Bahaushe ba ne, Hausar Abuja yake yi, amma ya san abin da yake so.

“Madam Rabi, zauna. Wannan yarinya naki ya faɗi komai. Masu ba mu taimako suna zuwa wata mai zuwa, za su duba makin yaran haɗaka ɗaya-ɗaya. Ga fom. Ki sa hannu cewa ba zai iya karatu a nan ba, a kai shi makarantar kurame.”

Na karɓa ba tare da wani ɗar ba, na aika a kira uban ya zo a yi masa bayani. Malam Iliya sunansa, bakanike ne a Apo, mutumin Katsina. Ya zo da rana tsaka cikin kayan aiki da baƙin mai har gwiwar hannu, ya baro motar mutane a buɗe ya hau bas biyu. Ya ƙi zama a kujera don kada ya ɓata ta, ya tsuguna a bakin ƙofa.

“Malam Iliya,” na ce, “kurumtar yarinyar nan ƙaruwa take yi. Da tana ji kaɗan-kaɗan, yanzu ko ihu na yi ba ta motsi.”

Ya juya hularsa a hannu.

“Ranki ya daɗe, ai babu abin da zai ƙaru. Tun da ta tashi daga ciwon nan ko ƙarar janareta ba ta ji. Da ido take ji. Bakin mutum take kallo ta ɗauki magana. Mu a gida in za mu yi mata magana sai mun juyo mun fuskance ta. Na gaya wa Oga hedimasta ranar da na kawo ta, na ga ya rubuta.”

Ya rubuta kuwa. Daga baya na ga takardar a fayil cikin kabad ɗin ofis, ba wanda ya taɓa nuna mini, ni ma ban taɓa tambaya ba.

“Ta zo ta ce mana Malama ta ce kallon rashin kunya ne,” Malam Iliya ya ci gaba. “Uwarta ta ce to ta bi maganar Malama, ai Malama ta fi mu sani. Yanzu ni kaina sai na lallashe ta take kallona. Don Allah, Malama, a bar ta ta ƙarasa firamaren nan. Can da ake cewa a kai ta na taɓa zuwa, sun ce babu gurbi, kuma maganar hannu suke yi, ita ba ta iya ba.”

Da zagina ya yi da na samu abin riƙewa. Bai zage ni ba. Bai ma gane cewa ƙarata ya kawo ba, godiya ya yi mini ya tafi.

Washegari da aka fita hutun tara na tsayar da Safiya, na rubuta mata a allo: ki kalle ni, na yarda. Ta karanta, ta ɗago a tsorace, ta sake sunkuyawa. Sai da na rubuta sau uku. Na zauna a benci muna fuskantar juna, na yi mata shifta jimla goma, ba ihu, a hankali, muryata ko bakin taga ba ta kai ba. Tara ta ci. Ɗayar da ta rasa kuwa, ni ce na juya ina korar yaran da ke leƙe. Na ninke takardar na sa a jaka, na nufi ofis.

Hedimasta ya duba takardar, ya ture mini ita.

“Madam, abeg. Wata uku yarinya yana faɗuwa, makin yana cikin rajista, ba zan goge ba. Baƙi za su tambaya me ya sa. In ba matsalar yarinya ba ne, to matsalar ticha ne. Ki zaɓi wanda zan rubuta. Kuma ki sani na riga na aika sunanki, ke ce za a ba kyautar malamar haɗaka ta bana.”

Ya ba ni zuwa Litinin.

A lokacin Inna tana wurinmu, ta zo a duba mata ido. Ranar Asabar da safe muna karyawa na zayyana musu komai. Babanku, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma aikin ofis ya riga ya koya masa yadda ake tsira.

“Maman Usman, takarda ce fa kawai. A garin nan ba a tambayar wanda ya sa hannu, wanda ya ƙi ake tambaya. In kika ce laifinki ne, a fayil ɗinki zai zauna har ki yi ritaya. Su tura ki wani ƙauye bayan Sheda, wa zai kula da yaran nan? Kuma ai ba kya ce an kore ta ba, makarantar da ta dace da ita aka ce.”

Na juya wurin Inna, ina sa ran ita da ta koya mini sauke ido za ta ce na yi daidai. Ta ajiye kofin kokonta.

“Rabi, mu da muka ce ku sauke ido, mun tabbata kunnuwanku a buɗe suke. Ke kuwa ƙofa ɗaya Allah ya bar wa 'yar mutane, kika je kika rufe. Ki je ki buɗe.”

“Inna, ba ki san aikin gwamnati ba.”

“Ban sani ba. Amma na san haƙƙi.”

Ba ta sake tayar da maganar ba, har ta koma Zariya, har ta rasu.

Ranar Litinin na sa hannu. Ina so ku karanta wannan layin sau biyu, don na san halinku, za ku ce Mama ba ta sani ba. A zango na biyu ban sani ba, gaskiya ne. Ranar Litinin ɗin nan kuwa na sani, takardar shifta tana cikin jakata a kan cinyata. Ina da haushin hedimasta har gobe, ina da haushin waɗanda suka cika mu da kaza kwana biyu ba su gaya mana kurma yana karanta baki ba, ina da ɗan haushin Babanku ma. Amma ba ɗayansu da ya riƙe mini hannu. Biron hedimasta ma ƙin rubutu ya yi da farko, sai da na goga shi a bayan fom ɗin, na hura masa iska, sannan ya kama. Abin da na kasa shi ne in tsaya a gaban baƙi in ce ni Malama Rabi, mai shekara ashirin a aji, 'yar shekara sha ɗaya ta fi ni gaskiya.

Ni na miƙa wa Safiya ambulan ɗin ta kai gida. Ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, kanta a ƙasa.

Baƙi suka zo da motoci masu sanyi. Aka tsayar da yaro mai sanduna a kan gangarar ofis, aka ɗauki hotonsa ta gaba da ta baya, don lalurarsa tana fitowa a hoto, ta Safiya ba ta fitowa. Aka duba rajista aka ga yaran haɗakar da suka rage duk sun ci. Bayan wata biyu aka ba ni allon da kuke nuna wa baƙi. Ranar da aka rataye shi na zare bayansa na cusa takardar shiftar a ciki, tana nan har yau, kuna iya saukewa ku gani. Makarantar kurame ba ta samu gurbi ba, kamar yadda ubanta ya faɗa. Na ji labari ta zauna a gida. Bayan haka na koyar da kurame huɗu kafin in yi ritaya, duk na fuskance su, na daina magana da allo, biyu sun kai sakandare. Kada ku lissafa mini wannan a matsayin biya, ba su na cuta ba.

Sau ɗaya na sake ganinta, shekara uku da suka wuce, kuma ba na jin zan ƙara, don layin shagunan an rushe shi bayan 'yan makonni, na yi cigiya ba wanda ya san inda suka koma. Na shiga kasuwar Kubwa neman mai yi mini aikin wuya a atamfar bikin Zainab, aka nuna mini wani shago aka ce akwai wata kurma mai hannu. Na same ta a kan keken ɗinki, ta zama cikakkiyar mace, da goyo a bayanta. Wata mai kawo ɗinki tana yi mata bayani, ita kuma tana kallon bakinta tana gyaɗa kai, har da dariya. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin sanyi a raina, na ce ashe ta ɗago.

Sai idonta ya faɗo kaina. Ta gane ni nan take. Ta ture keken, ta sauko ta durƙusa har ƙasa da goyonta, ta sunkuyar da kai.

Maganar da na yi shekaru ina shiryawa ta fito.

“Safiya, na cuce ki. Ni ce ban sani ba, da na sani kuma na ƙi gyarawa. Ki yafe ni don Allah.”

Na faɗa sau biyu, matan shagon suna kallona, ni kuwa da saman ɗankwalinta nake magana. Na miƙa hannu in ɗago haɓarta. Tana ganin inuwar hannuna ya nufo kanta sai ta ƙanƙame jiki, ta ƙara yin ƙasa. Na janye hannuna.

Ta ɗan jira, yadda ta ƙiyasta na gama, sannan ta ce da muryar nan tata mai ƙarfi wadda ba hawa ba sauka, cikin jin daɗi:

“Malama, kin gani? Ban manta ba.”

Na ce, “Allah ya yi miki albarka.”

Wannan ma ba ta ji ba.